Linda Ronstadt: tambayoyin da ake yawan yi kan waƙarta, sauye-sauyen salonta da littafin da ta rubuta

Yawancin masu tambaya kan matar nan ta ɗaya daga cikin hanya uku suka iso gare ta. Wasu tsofaffin masu sauraron kaset ne, irin waɗanda suka taso da Don Williams da Dolly Parton a rediyon mota, sai suka ga sunanta a jikin wani faifai tare da Dolly. Wasu waƙar da ta yi da Aaron Neville suka sani, ba su ma san sunan macen da ke ciki ba. Yaran yanzu kuma a fim mai dogon zango na The Last of Us suka ji muryarta a farkon 2023, suka bazama nema. To tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi yasa aka tattara su wuri guda.

Wai wacece Linda Ronstadt ɗin nan?

Mawaƙiya ce Ba'amurkiya, an haife ta ranar 15 ga Yuli 1946 a garin Tucson da ke jihar Arizona, ana furta sunan garin kamar Tuson. A shekarun 1970 babu wata mace a kiɗan rok da ta kai ta sayar da faifai a Amurka, ita ce ke cika manyan filayen wasa a lokacin da harkar kusan ta maza ce zalla. Ta ci kyautar Grammy 11, an sa ta a zauren girmama 'yan rok a 2014, a shekarar ne kuma shugaba Obama ya rataya mata lambar yabo ta ƙasa kan fasaha.

Amma abin da ya sa har yau ake maganarta shi ne tana kan ganiyarta ta juya wa rok ɗin baya, ta tafi wasan dandamali, daga nan ta koma tsofaffin waƙoƙin zamanin iyayenta, daga nan kuma ta ɗauko waƙoƙin gargajiyar Meksiko da Sifaniyanci, kuma kowane ɗaya sai da kamfaninta ya ce mata za ta kashe kanta a kasuwa. Yanzu ba ta iya waƙa kwata-kwata saboda rashin lafiya, bayanin yana can ƙasa.

Suna kamar na Bajamushe, waƙa da Sifaniyanci, to ita asalinta ina ne?

Duka biyun gaskiya ne. Kakan babanta, Friedrich August Ronstadt, daga Jamus ya taso ya zauna a jihar Sonora ta arewacin Meksiko wajen shekarun 1840, ya auri 'yar ƙasa. Ɗansa Federico, wato kakan Linda, a Sonora aka haife shi a 1868, yana saurayi ya hauro Tucson ya koyi ƙera keken doki, daga baya ya buɗe babban kantin kayan ƙarfe da na noma, kuma shi ya kafa wata ƙungiyar makaɗa a garin. Babanta Gilbert shi ya ci gaba da kantin, mutum ne mai murya, da daddare in an taru a gida shi ke jan baki da waƙoƙin Meksiko. Ita da kanta ta sha faɗa cewa tana ƙarama ta ɗauka Turanci na magana ne, Sifaniyanci kuma na waƙa.

Kar a manta Tucson ɗin ma ƙasar Meksiko ce har zuwa 1854 da Amurka ta sayi yankin, kuma tsakaninsa da iyaka bai fi tafiyar kilomita 100 ba. Mamanta kuwa, Ruth Mary, 'yar jihar Michigan ce, 'yar wani mai ƙirƙire-ƙirƙire Lloyd Copeman wanda ya yi suna wajen murhun lantarki da farantin roba na daskarar da ƙanƙara. Daga wajen uwar ta samu waƙoƙin wasan dandamali na Ingila. Ku riƙe wannan amsar da kyau don duk sauye-sauyen da za a yi magana a gaba daga nan suka fito.

Ya aka yi ta fara, kuma da gaske ne 'yan Eagles yaranta ne?

A gida ta fara, ita da yayanta Peter da yayarta Suzy suna waƙa su uku a ƙananan wurare a Tucson. Peter ɗin daga baya har shugaban 'yan sandan garin ya zama. Ita kuma zango ɗaya ta yi a jami'ar Arizona ta ajiye, a ƙarshen 1964 tana shekara 18 ta tafi Los Angeles, suka haɗa ƙungiyar Stone Poneys da Bobby Kimmel da Kenny Edwards. A 1967 suka fitar da waƙarsu Different Drum, wadda Michael Nesmith ya rubuta, ta kai ta 13 a jadawalin Billboard, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Abin dariya da ban haushi a ciki shi ne furodusan bai ma sa abokan nata biyu a kiɗan ba, makaɗan haya ya kawo, kuma daga nan kamfani ya gane macen yake so ba ƙungiyar ba. A littafinta ta ba da labarin yadda motarsu ta mutu a hanya suka tura ta gidan mai, bakanike na faɗa musu motar ta gama yawo sai ga waƙar tasu na tashi a rediyon garejin.

Maganar Eagles kuwa, wato shahararriyar ƙungiyar rok ɗin nan ta Amurka, gaskiya ce amma a yi mata gyara kaɗan. A 1971 manajanta John Boylan ya ɗauko Glenn Frey da Don Henley su yi mata kiɗa a zagayen wasa, sai Randy Meisner da Bernie Leadon suma suka shigo a wasu lokuta, su huɗun sau ɗaya tal suka tsaya tare a bayanta, a Disneyland. A ɗakin otal ne Frey da Henley suka ƙulla shawarar kafa tasu ƙungiyar, ita kuma ba ta yi musu baƙin ciki ba, ta ma taimaka. A 1973 ta rera waƙarsu Desperado a nata kundin a lokacin da waƙar ba ta yi wani tasiri ba tukuna, wanda ya taimaka ƙwarai wajen fito da ita.

Yaushe ne tauraronta ya haska sosai?

Ƙarshen 1974, da kundin Heart Like a Wheel. Kafin nan ta yi kusan shekara bakwai tana fama, tana buɗe wa wasu fage irin su Neil Young a 1973, tana fitar da faifan da ita kanta ba ta gamsu da su ba, ko da yake a cikinsu ne aka samu Long Long Time ta 1970, wadda ita ce yaran yanzu suka ji a fim ɗin da aka ambata a sama. Abin da ya canza shi ne haɗuwarta da Peter Asher, Bature ɗan Ingila wanda ya zama manaja kuma furodusanta, ta ce shi ne na farko da in ta faɗi abin da take ji a kunnenta yake saurara maimakon ya ɗauka shirmen mace ne.

Daga nan sai abu ya ɓalle. You're No Good ta zama ta ɗaya a farkon 1975, When Will I Be Loved ta zama ta biyu. Kundin Simple Dreams na 1977 ya yi sati 5 a saman jadawali, kuma shi ne ya sauko da Rumours na Fleetwood Mac daga kujerar da ya daɗe a kai, a cikinsa Blue Bayou take. A shekarar ne mujallar Time ta sa ta a bango. Na 1978, Living in the USA, tun kafin ya shiga kanti an riga an yi odar kwafi miliyan 2.

Ita take rubuta waƙoƙinta?

A'a, sai 'yan ƙalilan da ta sa hannu a ciki, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Ita mai rerawa ce kuma mai zaɓe. Ta ɗauko na Buddy Holly, na Roy Orbison, na Smokey Robinson, na Hank Williams, har da na Rolling Stones. Wannan ne ya sa wasu masu sharhin rok na lokacin suka raina ta, don a wajensu in ba kai ka rubuta ba to kai ɗan kwaikwayo ne, kuma ina ganin hakan na cikin abin da ya sa aka ja mata rai kafin a sa ta a zauren girmamawa.

Ni dai ban yarda da wannan ma'aunin ba. Ai zaɓen waƙa ma sana'a ce, kuma akwai marubutan da ba don ita ba da sun daɗe a lungu, irin su Karla Bonoff da Warren Zevon da Anna McGarrigle wadda ta rubuta Heart Like a Wheel ɗin kanta. In ta rera waƙarka kuɗin haya ya samu kenan na shekaru. Elvis Costello ya taɓa kushe yadda ta rera nasa a wajen 1980, amma daga baya ya sauko ya nuna bai kyauta ba. Cikin 'yan kaɗan ɗin da ta rubuta akwai Lo Siento Mi Vida ta 1976, da Sifaniyanci, ita da babanta da Kenny Edwards, ka ga tun tana tsakiyar rok ɗin zuciyar na can gida.

To me ya sa ta bar rok alhali kuɗi na shigowa?

Dalili na farko filayen wasan ne. Wuraren nan an gina su ne don ƙwallon kwando da makamantansu, ba don kunne ba, jita ta buga sauti ya daki bango ya dawo ya haɗu da na baya, mawaƙi ba ya jin kansa sai dai ya yi ta ihu, kuma duk waƙa mai taushi ɓacewa take. Ga shi mutane sun biya kuɗi don su ji waƙoƙin nan guda goma da suka sani, kullum su, gari bayan gari. Ga mutumin da ya ɗauki murya a matsayin abin da ake koyo har abada wannan kurkuku ne mai kyan fenti. Sannan ita ba ta taɓa ɗaukar kanta 'yar rok ta haƙiƙa ba, ta ce halin nuna taurin kai da ake so a dandamali aro ta yi.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci, kuma shi ne ƙashin bayan littafinta. Ta ce ba ta taɓa gwada wani salon kiɗa ba sai wanda ta ji a falon gidansu kafin ta kai shekara 10, ko a rediyo, ko a bakin babanta, ko a fiyanon mamanta, ko wajen yayyenta. In ka duba da wannan idon za ka ga duk abin da ake kira canjin salo komawa take yi ɗaki bayan ɗaki a gidan da ta taso. Amsoshi uku da ke biye kowanne ɗaki ɗaya ne.

Mene ne wannan wasan dandamalin da ta shiga a New York?

Wani tsohon wasan barkwanci ne mai waƙe-waƙe na Gilbert da Sullivan, The Pirates of Penzance, tun na 1879. Joseph Papp ne ya shirya shi a filin shaƙatawa na Central Park a 1980, ta fito a matsayin Mabel tare da Kevin Kline, da ya karɓu aka kai shi Broadway a farkon 1981 har aka sa sunanta cikin masu takarar kyautar Tony ta wasannin dandamali, a 1983 kuma aka mai da shi fim. Kuɗin da take samu a nan ko kusa bai kai na dare ɗaya a filin wasa ba, amma ya buɗe mata saman muryarta, irin siririyar muryar nan da rok bai taɓa barinta ta yi amfani da ita ba. Wannan ɗakin mamanta ne.

Ba duka ne ya yi kyau ba fa. A 1984 ta gwada La Bohème, wanda shi opera ne na gaske, wato wasan dandamalin da ake yinsa da waƙa daga farko har ƙarshe, bai yi armashi ba, ita ma ta yarda muryarta ba ta samu horon da aikin ke buƙata ba.

Waye Nelson Riddle, me ya sa kamfaninta ya ƙi aikin da farko?

Dattijo ne mai tsara kiɗan babbar ƙungiya, masu goge da masu busa gomomi a lokaci guda, shi ya tsara wa Frank Sinatra da Nat King Cole da Ella Fitzgerald manyan ayyukansu a shekarun 1950. Zuwa 1980 an ɗauki irin kiɗansa kayan tsofaffi, abin da ake sa wa a lif ko ɗakin jiran likita. Linda ta fara gwada irin waƙoƙin a 1981 da furodusa Jerry Wexler da ƙaramar ƙungiya, ba ta ji daɗin abin da ya fito ba ta ajiye shi duk da kuɗin da aka kashe, sannan ta nemi Riddle. Shugaban kamfaninta Joe Smith ya faɗa mata ƙarara cewa wannan zai kashe mata sana'a, shi ma Peter Asher bai yi amanna ba, amma ya tsaya mata.

Kundin What's New ya fito a 1983, ya kai na 3, waɗanda suka tare masa gaba kuwa su ne Thriller na Michael Jackson da na Lionel Richie, ka ga ba ƙananan kuraye ba ne. Ya sayar da fiye da miliyan 3 a Amurka. Suka ƙara Lush Life a 1984, suna cikin na uku Riddle ya rasu a Oktoban 1985, aka fitar da shi a 1986. Yau in ka ga tsohon ɗan rok ya sa kwat yana rera waƙoƙin 1940, irin yadda Rod Stewart ya yi daga 2002, to hanyar da ta share ce yake bi, bambancin kawai ita ta yi nata tana shekara 37 kasuwarta na ci.

Kundin Sifaniyancin nan fa, me ya sa ake cewa shi ne mafi girman aikinta?

Sunansa Canciones de Mi Padre, ma'ana waƙoƙin babana, ya fito a ƙarshen 1987. Sunan ma gado ne, gwaggonta Luisa Espinel wadda ita ma mawaƙiya ce ta taɓa tattara waƙoƙin da nata uban ke rerawa a wani ɗan littafi mai wannan sunan a 1946, shekarar da aka haifi Linda. Salon shi ake kira mariyachi, kiɗan gargajiyar Meksiko na masu goge da ƙaho da jita manya da ƙanana, suna sanye da faffaɗar malafa da kaya masu ado, mawaƙi kuma sai ya buɗe ƙirji ya ja murya har sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Ba ta yi shi da wasa ba, Rubén Fuentes ta ɗauko ya tsara, da Mariachi Vargas de Tecalitlán wanda a fagen babu na biyunsu, ta kuma sa 'yan'uwanta maza amshi. Gwanar da take koyi da ita ita ce Lola Beltrán.

Wahalar ita ce ba ta jin Sifaniyanci sosai a matsayin harshen hira, a waƙa ta san shi, don haka sai da ta zauna ta gyara lafazi da numfashi, don jama'ar da za su saurara ba za su yafe kuskure ba, waƙoƙin kakanninsu ne. Kamfani ya sake cewa ba za a saya ba. Aka sayi sama da miliyan 2, an daɗe ana lissafa shi a matsayin kundin da ba na Turanci ba da ya fi kowanne kasuwa a tarihin Amurka, ya ci Grammy, wasan da aka ɗauka na talabijin ya ci Emmy, a 2022 kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin faifan da ake adanawa don tarihi. Ta ƙara Mas Canciones a 1991 da Frenesí a 1992, su ma kowanne da Grammy ɗinsa.

Abin da ya fi burge ta a zagayen wasan shi ne masu zuwa kallo. A wasan rok sa'anninta take gani, a nan kuwa kaka da uwa da jika suke zuwa tare, kuma sun san inda ake guɗa da inda ake shiru. Ga 'yan asalin Meksiko da aka haifa a Amurka, waɗanda a makaranta aka hukunta iyayensu don sun yi yarensu, ganin babbar tauraruwa ta fito ta ce ni ma taku ce ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa ma sai a lokacin suka san tana da jinin.

Ina alaƙarta da Dolly Parton?

Ƙawaye ne su uku da Emmylou Harris. Tun a shekarun 1970 suka gano muryoyinsu na haɗuwa kamar 'yan ɗaki ɗaya, suka gwada yin kundi abin ya watse saboda kowacce da kamfaninta da jadawalinta. Sai a 1987 Trio ya fito, kiɗan ƙauyen Amurka tsantsa ba hayaniya, ya ci Grammy. Na biyun an ɗauke shi a 1994 amma saɓanin lokaci ya sa ya kwanta har 1999. In kai mai son Don Williams ne to daga nan ya kamata ka shiga, akwai ƙarin bayani a tambaya ta ƙarshe.

Bayan duk wannan ta sake komawa waƙar zamani?

Ta koma, amma bisa sharaɗinta. A 1986 ta yi Somewhere Out There da James Ingram don wani fim ɗin zane na yara, ta kai ta 2. A 1989 ta fitar da Cry Like a Rainstorm, Howl Like the Wind inda ta jawo Aaron Neville na New Orleans, mutum ƙato mai murya kamar ta tsuntsu, suka yi Don't Know Much wadda ita ma ta kai ta 2, suka ci Grammy shekara biyu a jere. Bayan nan ta yi na waƙoƙin lallashin jarirai a 1996, lokacin tana renon yara biyu da ta ɗauka riƙo, ta kuma rage yawo sosai. Kundinta na ƙarshe na situdiyo shi ne Adieu False Heart na 2006 tare da Ann Savoy, har da waƙoƙin Faransancin Louisiana a ciki.

An ce ta yi wasa a Afirka ta Kudu lokacin wariyar launin fata, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan tabo ne. A 1983 ta yi wasa 6 a Sun City, wani wurin caca da shaƙatawa a yankin Bophuthatswana da gwamnatin wariya ta ƙirƙira ta ce wai ƙasa ce mai 'yanci, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta nemi masu fasaha su ƙaurace wa ƙasar. An ruwaito dala dubu 500 aka biya ta. Hujjarta ita ce ba ta goyon bayan wariya, kuma ba ta yarda a hana mawaƙi zuwa ko'ina ba. Ba ita kaɗai ta je ba, Sinatra ya je, Queen sun je, Elton John ya je, amma yawan masu laifi ba ya wanke kowa, kuma a ganina hujjar ba ta da ƙarfi idan aka duba cewa 'yan gwagwarmayar ƙasar ne da kansu suka roƙi kar a zo. Shi yasa da Paul Simon ya sa ta a waƙar Under African Skies a kundin Graceland na 1986, wanda shi ma ana ta cece-kuce a kansa, wasu suka ga kamar an zuba gishiri a gyambo.

Ɗaya zuwan nata Afirka da aka fi yayatawa na 1979 ne, da suka je Kenya da gwamnan Kalifoniya Jerry Brown, 'yan jarida suka bi su kamar ƙuda.

Me ya hana ta waƙa yanzu?

Tun wajen 2000 ta fara jin muryar na ƙin bin umarni, ta nufi wani sauti sai maƙogwaro ya ƙulle, ta yi shekaru tana zaton ko wani abu ne daban. Wasanta na ƙarshe a San Antonio ne a Nuwamban 2009, kuma na mariyachi ne. A 2011 ta ce ta yi ritaya, a Agustan 2013 ta bayyana cewa likitoci sun ce cutar Parkinson ce, daga baya a 2019 aka gyara aka ce wata ce mai kama da ita da ake taƙaita sunanta da PSP, wadda ba a cika samu ba. Matsalar daga ƙwaƙwalwa take, saƙon da take aika wa tsokoki ne ba ya isa daidai, kuma cutar na taɓa tafiya da daidaituwar jiki har da motsin ido. Shi yasa ko bikin sa ta a zauren girmamawa na 2014 ba ta samu zuwa ba, Glenn Frey ne ya gabatar da ita, su Stevie Nicks da Bonnie Raitt da Emmylou suka rera waƙoƙinta. Ta ce har yanzu tana waƙa a cikin kanta. A San Francisco take zaune.

Littafin nata me ke cikinsa?

Sunansa Simple Dreams, kamar kundin 1977, ya fito a Satumban 2013, bai kai shafi 300 ba, kuma tun a bango ta rubuta cewa tarihin kiɗa ne. Ita ta rubuta da hannunta ba ɗan haya ba, kuma ana ji, don rubutun a natse yake irin na wadda ta yi karatu da yawa. Mafi daɗin ɓangaren shi ne farkon, hamadar Sonora, ɗan dokinta Murphy, zafin ƙasa da ke ƙona tafin ƙafa, tsananin malaman makarantar coci, da daren da dangi ke taruwa ana gashi ana waƙa. Sai zamanin kulob ɗin Troubadour a Los Angeles inda kowa ke satar fasahar kowa, da wahalar zama mace ɗaya a motar maza, har da yadda Jim Morrison na Doors ke zama abin tsoro in ya sha.

Daga nan kusan kowane babi amsa ce ga tambayar me ya sa kika yi wancan kundin. Wani abin mamaki shi ne yadda take kushe kanta, faifan da suka sa ta shahara ma ba ta son jinsu, tana ganin sai wajen 1980 ta fara iya waƙa. Zamanin da duniya ta fi saninta da shi ta wuce shi da sauri, ta zauna ta baje kan Riddle da mariyachi. Batun cutar kuwa ba ta shiga cikinsa ba, sanarwar ta zo ne ana gab da fitar da littafin.

Akwai labarin soyayya da tonon asiri a ciki?

In wannan kake nema ka riƙe kuɗinka. Ba ta taɓa aure ba, an san ta yi tarayya da mawaƙi J.D. Souther da Jerry Brown da kuma George Lucas mai Star Wars a shekarun 1980, amma littafin ya ja labule. Brown ya ɗan leƙo, har da labarin yadda za su je cin abinci gidan mawaƙiya Rosemary Clooney ya ɗauki furannin da wani ya aiko wa Linda ya cire katin ya ce ga tsaraba, don mutumin akwai maƙo. Lucas kuwa kusan ko inuwarsa babu. Wasu masu sharhi sun ji haushin hakan, ni kuma ina ganin ta yi daidai, sai dai wani lokacin kawaicin ya yi yawa har ka ji kamar ana rufe maka ƙofa a daidai inda labari ya fara daɗi.

Shi kenan littafin, ko akwai wani?

Akwai na biyu, Feels Like Home, na 2022, wanda ta yi da ɗan jarida Lawrence Downes da mai hoto Bill Steen. Shi wannan kan ƙasar ne, yankin Sonora ta ɓangarorin iyaka biyu, da tarihin dangi da wasiƙunsu da girke-girken gida da kuma ra'ayinta mai zafi kan yadda ake wulaƙanta baƙin haure. Dama ba ta iya ɓoye ra'ayi ba, a 2004 wani otal ɗin caca a Las Vegas ya sallame ta a daren don ta yabi mai shirya fim Michael Moore a kan dandamali. Wanda karatu ke ba shi wahala kuma akwai fim ɗin tarihinta na 2019, The Sound of My Voice, wanda ya ci Grammy a 2021.

Daga ina zan fara saurarenta?

Ya danganta da ƙofar da ka shigo. Mai son kiɗan ƙauye ya fara da Trio sannan ya koma Heart Like a Wheel, zai ga rabinsa ma na gidansu ne. Wanda Long Long Time ta kawo shi ya bi ta da Blue Bayou, akwai ma ta Sifaniyanci mai suna Lago Azul da babanta ya fassara. Mai son waƙar dare mai sanyi ya nemi What's New. Amma ni in aka ce in zaɓi guda ɗaya La Cigarra zan ce, a kundin waƙoƙin baban, ka nemi bidiyon wasan ba faifan kawai ba don ka ga inda take riƙe dogon sautin nan makaɗa na jiranta, kuma ka ɗan rage ƙarar waya kafin wurin ya zo.